Cocin Da Ya Ƙi Ɗaukar Makami, Ya Kuma Ƙi Yin Shiru

Idan aka ce shugabannin coci sun tsoma baki a harkar ƙasa, abin da ke fara faɗo wa yawancinmu a Arewa shi ne sanarwar ƙungiyar Kiristoci ta CAN a jarida idan zaɓe ya ƙarato, ko ce-ce-ku-cen tikitin Musulmi da Musulmi na 2022, ko hoton wani hamshaƙin fasto na Legas yana saukowa daga jirgin kansa. Duk akwai su, ba ƙarya aka yi ba. Sai dai akwai wani coci can gabas, tsakanin kudancin Borno da arewacin Adamawa, wanda ba kasafai ake jin ɗuriyarsa a Kano ko Sakkwato ba, alhali da wuya a sami wata ɗariƙar Kirista a ƙasar nan da Boko Haram ta yi wa ɓarna kamarsa. Sunansa Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a taƙaice EYN. Yawancin 'yan matan Chibok 'ya'yansa ne. Abin da ya ƙara bambanta labarinsa kuwa shi ne, tun asali aƙidarsa ta hana ramuwa, ta hana ɗaukar makami.

Ni Musulmi ne, na kuma san da yawa daga cikin masu karatu ba su taɓa taka ƙofar coci ba. Don haka zan faro daga tushe, domin ba za a fahimci abin da shugabannin wannan coci suka yi a bainar jama'a ba sai an san abin da suke koya wa mutanensu ranar Lahadi.

A 1708, a wani ƙauyen Jamus mai suna Schwarzenau, mutum takwas ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack suka yi wa junansu baftisma a kogi, suka ware daga manyan coci-cocin da sarakuna ke ɗaure wa gindi. Turai a lokacin ba ta daɗe da fitowa daga yaƙe-yaƙen addini ba, inda Kirista ya kashe Kirista har aka gaji. Su waɗannan sai suka ce za su bi koyarwar Yesu Almasihu kamar yadda ta zo a wa'azin da ya yi a kan dutse, wanda ke cikin littafin Matiyu sura 5 zuwa 7: ba rama mugunta, ba rantsuwa, a yi wa maƙiyi addu'a. Tsanani ya kore su zuwa Amurka. Har yau ana lissafa su cikin coci uku da aka sani da ƙin yaƙi, su da Menonayit da Kwaka. Ba sa yi wa jariri baftisma sai mutum ya mallaki hankalinsa ya nema da kansa, sannan a nutsar da shi cikin ruwa sau uku. Suna kuma da wata ibada da suke yi kafin cin jibi, wato wankin ƙafa: a kawo ruwa a tasa, maza gefe guda mata gefe guda, kowa ya durƙusa ya wanke ƙafar na kusa da shi ya goge masa. Farfesa zai iya wanke ta manomi, shugaban coci ta mai gadi. Wanda ya san yadda muke ji da girma a ƙasar nan zai gane ba ƙaramin horo ba ne.

Mutum biyu daga wannan coci, Stover Kulp da Albert Helser, su ne suka iso Garkida, a bakin kogin Hawul, suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya ranar 17 ga Maris, 1923. Turawan mulki ba su yi maraba da su ba, domin manufarsu a Arewa ita ce kada 'yan mishan su shiga inda sarakunan Musulunci ke iko. Biu suka so zama, aka hana su. Sai aikinsu ya faɗa cikin ƙabilun da ke gefen masarautu: Bura, Margi, Kilba, Kibaku na Chibok, Kamwe na Michika da sauransu. Suka buɗe makarantu da asibitoci, da mazaunin kutare kusa da Garkida, da makarantun Waka kusa da Biu waɗanda suka yaye malamai da ma'aikata masu yawa, Musulmi da Kirista. Zazzaɓin Lassa da muke jin sunansa duk rani, a asibitin mishan ɗinsu na garin Lassa aka fara gano shi a 1969, bayan ya kashe wata ma'aikaciyar jinyarsu, Laura Wine. A shekarun 1970 ragamar cocin ta dawo hannun 'yan ƙasa, gwamnati kuma ta karɓe makarantu da asibitocin. Hedikwatarsa tana Kwarhi, kusa da Mubi, tare da makarantar horar da fastoci mai ɗauke da sunan Kulp. Da yake kowace ƙabila da harshenta, Hausa ce ta haɗa su: babban taronsu na shekara Majalisa suke kiransa, ƙungiyar matansu Zumuntar Matan Ekklesiya, wa'azi da waƙa da addu'a a wurare da yawa duk da Hausa ake yi.

Koyar da haƙuri a lokacin zaman lafiya ba shi da wuya. Jarrabawar ta fara ne a Yulin 2009, lokacin tarzomar Maiduguri, inda aka rushe babban cocinsu na Wulari. Daga nan abin ya yi ta hauhawa har ya kai 2014. Ranar 14 ga Afrilu aka kwashe ɗalibai mata 276 daga makarantar Chibok. A watan Agusta Gwoza ta faɗi, Madagali ta bi, Michika a Satumba. Ranar 29 ga Oktoba maharan suka shiga Kwarhi kanta a kan hanyarsu ta kama Mubi. Ma'aikatan hedikwata da ɗaliban makarantar fastoci da iyalansu suka bazama cikin daji, wasu suka haye duwatsu zuwa Kamaru. Shugaban cocin na lokacin, Rabaran Samuel Dante Dali, ya koma gudanar da ofis daga Jos, shi ma ɗan gudun hijira kamar mabiyansa.

A nan gizo ke saƙar. Saurayin da aka yanka mahaifinsa a gabansa, aka tafi da ƙanwarsa, aka ƙone rumbun gidansu, in ya zo ya durƙusa ya ce, Baba Fasto, haka za mu zauna ana yanka mu kamar kaji, me za a gaya masa? Wannan tambaya ta zagaye cocin, kuma ba kowa ne ya gamsu da amsar da aka ba shi ba. Akwai 'ya'yan EYN a soja da 'yan sanda, akwai waɗanda suka shiga sintirin tsaron garuruwansu. Ba a kan bakin kowa aƙidar ta zauna daram ba. Amma a matakin shugabanci, daga Dali zuwa Rabaran Joel Billi da ya gaje shi a 2016, matsayin bai sauya ba: mai bi ba ya ɗaukar fansa da hannunsa, tsare rayuka da hukunta mai laifi aikin hukuma ne, kuma wajibin coci ne ya tsaya a kan hukuma har ta yi aikinta. Suna kafa hujja da wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa sura 13, wadda ta ɗora wa mai mulki alhakin hukunta mugu.

Wani zai ce ai wannan wayo ne: ka ƙi riƙe bindiga, ka kira soja ya riƙe maka. Na daɗe ina juya wannan suka, kuma ban ga ta tsaya ba, saboda dalili guda da duk ɗan Arewa ya sani. Ramuwar gayya a wurinmu ba ta taɓa sauka a kan wanda ya yi laifin. Wanda ya dasa bam ya riga ya shige daji. Wanda ake samu shi ne mai shayi a bakin tasha, da mai faci, da direban da ya biyo hanya bai san abin da ake ciki ba, da almajiri, da mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari. Haka aka yi a Kaduna a 2000, da Jos a 2001. A 2004 aka yi kisa a Yelwan Shandam, aka rama a Kano a kan mutanen da ba su ma san hanyar Yelwa ba. A watan Yunin 2012 aka tayar da bama-bamai a coci-coci a Zariya da Kaduna, kafin rana ta faɗi matasa sun tare hanyar Abuja suna farautar matafiya. Wannan shi ne ainihin abin da masu kai hari kan coci ke nema, a mai da ta'addancinsu yaƙin Musulmi da Kirista, kowa ya ruga ya fake a bayan nasa. Limamin cocin da ya riƙe matasansa a ranar jana'iza, lokacin da jini ke tafasa, ya yi wa ƙasa aikin da bataliya guda ba za ta iya ba. Ba ya fitowa a talabijin, ba a ba da lambar girma a kansa, amma a ganina babu wata shiga harkar jama'a da ta fi wannan nauyi.

Kada kuma a ɗauka zukata sun wanke tas. Da mutane suka fara komawa Michika bayan soja sun ƙwato ta, zargi ya cika gari: wane ne ya nuna gidan wane, wa ya zauna lafiya da maharan, kayan wa aka gani a ɗakin wa. Har ranar kasuwa ta rabu biyu, Kirista suna cin tasu ran Asabar, Musulmi ran Lahadi. Garin da ciniki ya haɗa shi tun kaka da kakanni ke nan. A irin wannan yanayi ne cocin ya riƙa shirya tarukan warkar da raunin zuciya, inda ake zaunar da mutane kwana da kwanaki su faɗi abin da suka gani, su yi kuka, a yi maganar gafara ba tare da an tilasta wa kowa ba. Akwai kuma wani shiri na haɗin gwiwa da malaman Musulunci a yankin Mubi, mai suna CAMPI, wanda shi da cocin suka sami kyautar zaman lafiya ta Michael Sattler a Jamus a 2016.

Abu na biyu da shugabannin suka yi shi ne ƙidaya, kuma nan ne na fi so mai karatu ya tsaya. Mu tuna yadda hukuma ta riƙa yi da alƙaluma a shekarun nan. Kwana biyu bayan sace 'yan matan Chibok, rundunar soja ta ba da sanarwar cewa an kuɓutar da su saura takwas, daga baya ta janye maganar. A ƙarshen 2015 Shugaba Buhari ya ce an riga an karya lagon Boko Haram. Ƙauyuka kuwa ana ci gaba da ƙona su, labarin ba ya wuce ƙaramar hukuma. To, shi coci irin EYN yana da abin da gwamnati ba ta da shi a waɗannan lunguna: rajista. Kowace majami'a tana da sakatare da littafin sunayen waɗanda aka yi wa baftisma da aure da jana'iza. Majami'u suna kai rahoto ga gunduma, gunduma ta kai hedikwata. Idan aka kai hari wani ƙauye a bayan dutsen Gwoza, akwai wanda ya san sunan kowane mamaci da sunan matarsa da yawan marayun da ya bari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dakta Rebecca Dali, matar shugaban cocin na wancan lokaci, ta mai da wannan aikin rayuwarta. Ta hanyar ƙungiyar agajin da ta kafa, CCEPI, ta riƙa bin sansanoni da ƙauyuka tana rubuta sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace, da rana da wuri. A 2015 an baje kimanin sunaye 10,000 daga cikinsu a babban taron 'yan'uwansu na Amurka. Ƙungiyarta ta kuma riƙa karɓar matan da suka kuɓuto daga daji da ciki ko da goyo, waɗanda danginsu ke gudu, Musulmi da Kirista. A 2017 aka ba ta kyautar jinƙai ta Sergio Vieira de Mello a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Janiba.

Da irin waɗannan bayanai Rabaran Billi ya fuskanci 'yan jarida a Yola a watan Yulin 2020. Ya ce cocinsa ya rasa mambobi fiye da 8,370 da fastoci 8, an raba fiye da 700,000 da gidajensu, an ƙona ko an rushe majami'u 300 daga cikin 586, gundumomi 7 kacal cikin 60 ne abin bai shafa kai tsaye ba, kuma 217 daga cikin 'yan matan Chibok 276 'yan EYN ne. Bai ce a zaɓi wane ko a kayar da wane ba. Ya nemi a kai jami'an tsaro garuruwan da aka bari a buɗe, a ceto waɗanda ke hannun mahara, a dawo da waɗanda ke gudun hijira a Kamaru. Mai magana da yawun gwamnati zai iya musanta zargi, zai iya cewa siyasa ce. Musanta suna da ranar mutuwa da sunan ƙauye kuwa sai wanda ya cire kunya.

Watanni shida kafin wannan taro ne aka yi abin da ya fi girgiza cocin tun bayan Chibok. A farkon Janairun 2020 mahara suka shiga Michika suka tafi da Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban CAN na ƙaramar hukumar. Bayan 'yan kwanaki aka fito da bidiyonsa. Waɗanda suka kalla ba su manta da natsuwarsa ba. Ya roƙi shugabanninsa da Gwamnan Adamawa Ahmadu Fintiri su sa baki a sake shi, ya ce bai karaya ba domin komai yana hannun Allah, ya ce in an ƙaddara zai sake ganin iyalinsa to, in kuma ba haka ba a yi haƙuri a kula masa da yara. Bai zagi kowa ba, bai yi kiran a rama masa ba. Shugaban CAN na Adamawa a lokacin, Bishop Stephen Dami Mamza na Katolika, ya bayyana cewa an yi tayin naira miliyan 50 maharan suka raina. Ranar 20 ga Janairu suka kashe shi. Wata guda bayan haka suka shiga Garkida, inda aka fara komai, suka ƙona coci-coci da gidaje.

Abin da ya biyo bayan kisan Andimi ya nuna yadda Kiristocin Najeriya ke matsa wa gwamnati idan sun haɗa kai. CAN ta kira azumin kwana uku, aka rufe da tattakin addu'a a faɗin ƙasa ranar 2 ga Fabrairu, har Fasto Enoch Adeboye, wanda ba a saba ganinsa a zanga-zanga ba, ya fito titi a Legas riƙe da allo. A daidai lokacin ne aka tsinci gawar Michael Nnadi, ɗalibin makarantar horar da limaman Katolika da aka sace a Kaduna, Bishop Matthew Hassan Kukah ya yi wa'azi mai zafi a jana'izarsa. Ranar 1 ga Maris bishop-bishop na Katolika suka yi tattaki a Abuja sanye da baƙaƙen kaya. Shugaba Buhari da kansa ya rubuta maƙala a wata mujallar Kiristocin Amurka, Christianity Today, yana yabon imanin Andimi, ya kuma ce kashi 90 cikin 100 na waɗanda Boko Haram ta kashe Musulmi ne. CAN ta ƙi amincewa da wannan adadi, aka koma gardamar gawar wa ta fi yawa.

Wannan gardama tana ba ni takaici, kuma a nan ina da abin faɗa wa ɓangarorin biyu. Gaskiya ne Boko Haram ta kashe Musulmi ba adadi. Ta kashe Sheikh Albani Zariya a Fabrairun 2014, ta kashe Sarkin Gwoza Idrissa Timta a watan Mayu, ta tayar da bam a babban masallacin Juma'a na Kano a watan Nuwamba, ta share garuruwan Musulmi a arewacin Borno. Gaskiya ne kuma ta riƙa ware Kirista saboda addininsa, ta ƙone masa wurin ibada, ta tilasta wa 'yarsa barin addininta. Musulmin da ya ce wa Kirista ai mu ma ana kashe mu, don ya rufe masa baki, bai yi adalci ba. Faston da ya je Amurka ya ba da labarin kamar Musulmi duk suna gefe suna kallo, shi ma bai yi ba. Rajistar coci ta 'yan coci ce, ba laifi ba ne, iyakar abin da sakataren majami'a zai iya sani ke nan. Laifin yana ga wanda ya ɗauki rabin lissafi ya ce shi ne duka. Abin tambaya gare mu Musulmi shi ne, ina tamu rajistar? Masallatai nawa ne a Bama ko Baga ko Damasak aka bi aka rubuta sunayen mamatansu ɗaya bayan ɗaya?

Inda wannan gardama ba ta da wurin zama shi ne wajen rabon abinci. A garin Gurku na jihar Nasarawa, kusa da Abuja, wani ma'aikacin EYN mai suna Markus Gamache ya jagoranci kafa matsugunin 'yan gudun hijira da aka tsara tun farko don Musulmi da Kirista su zauna tare, da coci da masallaci da makaranta da ɗakin shan magani. A Yola, Bishop Mamza ya buɗe harabar babban cocin Katolika na Santa Tereza ga dubban mutanen da suka gudo a 2014. Da shekaru suka ja wasu ba su da inda za su koma, ya gina musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, aka buɗe a 2021, ya haɗa da masallaci domin Musulmin cikinsu. Wasu Kiristoci sun soke shi a kan masallacin. Bai rushe ba.

Sai a kwatanta wannan da abin da ke faruwa a sama. An kafa CAN a 1976 domin Kiristoci su sami murya ɗaya a gaban gwamnati, EYN ma tana ciki ta hanyar tarayyar coci-cocin TEKAN. Ƙungiyar ta yi amfani a lokuta da dama, amma ta sha shiga tsaka mai wuya duk lokacin da shugabanninta suka matsa kusa da fada. A zamanin Shugaba Jonathan har cocin Katolika ya janye jiki daga harkokinta na ƙasa na wani lokaci. A watan Satumban 2014, daidai lokacin da Michika ke hannun mahara, hukumomin Afirka ta Kudu suka kama dala miliyan 9.3 a cikin wani jirgi mai alaƙa da shugaban CAN na lokacin, Fasto Ayo Oritsejafor. Gwamnati ta ce kuɗin sayen makamai ne, shi kuma ya ce an ba da jirgin haya ne, bai san abin da aka ɗauka ba. Ko da an karɓi bayaninsa, ɓarnar ta riga ta auku: duk abin da CAN ta faɗa a kan tsaro a watannin nan, sai a ce bakin gwamnati ne. Wannan cuta ba ta coci kaɗai ba ce. Mu ma mun san malaman da mumbarinsu ke sauya murya idan an raba kujerun Hajji ko motoci. Malamin addini yana da damar faɗa wa mai mulki gaskiya, har ma wajibi ne a kansa, amma kunnen jama'a yana rufewa daga ranar da aka gan shi yana fitowa daga gidan gwamnati da ambulan.

Ba ina cewa shugabannin EYN mala'iku ba ne. Coci ne na mutane, da gasar muƙami da ƙorafin ƙabila irin na kowace ƙungiya a ƙasar nan. Alaƙarsu da gwamnatocin jihohi ma hawa da sauka ce. Gwamnatin Borno ta sake gina wasu coci-cocin da aka ƙona a kudancin jihar, sun yi godiya. A watan Agustan 2021 kuma hukumar filaye ta jihar ta rushe wani cocinsu a unguwar Moduganari a Maiduguri, aka harbe wani matashi a wurin, suka fito suka yi Allah wadai, suka nemi a hukunta wanda ya yi harbin. Sun daɗe suna kukan wahalar samun takardar filin gina coci da rashin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati a wasu sassan Arewa. Waɗannan koke-koke ne na 'yan ƙasa, a kan teburin hukuma suke kai su, kuma ya kamata a saurare su a haka.

A watan Maris na 2023 cocin ya yi bikin cika shekara 100. A 2024 Majalisa ta zaɓi Rabaran Daniel Mbaya ya gaji Billi, aka miƙa ragama lafiya. Hedikwata ta koma Kwarhi tuntuni, an sake gina majami'u da yawa, wasu da taimakon 'yan'uwansu na Amurka da Turai, wasu da baikon talakawan da su kansu ba su gama rufin ɗakunansu ba. Amma har yanzu akwai gomman 'yan matan Chibok da ba su dawo ba. Akwai dubban mutanen Gwoza da kewaye a sansanin Minawao na Kamaru, inda yaran da aka haifa a can suka girma ba su taɓa ganin gonar ubansu ba. Manoma a Chibok da Askira da Madagali suna zuwa gona da fargaba.

Kirana ga gwamnatin tarayya da ta Borno da ta Adamawa shi ne su karɓi sunayen da wannan coci ya tara, su nemi Jama'atu Nasril Islam da masarautu da limaman unguwanni su tattaro na Musulmi, a haɗa rajista guda ta duk wanda wannan fitina ta ci, a buga ta kowa ya gani. Da ita za a san marayu nawa ake bin bashin karatu, da gwauraye nawa ke jiran diyya, da ƙauyukan da ya kamata a fara kai wa soja kafin a ce wa mutanen Minawao su dawo gida.